Shekara biyu da The Story of the World: abin da littafin ya yi mana da abin da ya rage a wuyana

Wata 'yar'uwa ta tsayar da ni a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a, ta ce ta ji labarin ina koyar da ɗana a gida, ita ma abin yana ranta, amma tarihi ne ya tsaya mata. Lissafi an san ta inda ake kama shi, karatu da rubutu ma haka, to tarihi fa, daga ina ake farawa, kuma da wane littafi? Na ba ta amsa a tsaitsaye, na kuma san ban gamsar da ita ba. Shi ya sa na zauna na rubuta abin da na gani a shekara biyun da muka yi da manhajar The Story of the World, da kuma tambayar da ke ɓoye a bayan tambayarta, wato ko ya dace ta cire yaronta daga makarantar gwamnati.

A birnin New York muke zaune. Yarana biyu. 'Yar farina tana aji 6 a makarantar gwamnati, ba ta taɓa barinta ba, ba ni kuma da niyyar cire ta. Ƙaninta ne muka dawo da shi gida bayan ya gama aji 1. Karatu ya yi masa nauyi, takwarorinsa suna karanta shafi guda shi yana fama da haɗa baƙi, har ya fara dawowa gida yana cewa shi ba shi da ƙwaƙwalwa. Malamarsa mutuniyar kirki ce, ta yi iya ƙoƙarinta, sai dai yara sun yi mata yawa, ba yadda za ta tsayar da aji saboda mutum ɗaya. Ranar da na tarar ya ɓoye littafinsa ƙarƙashin katifa don kada in ce ya karanta, a daren na ce wa mahaifinsa, "Abban yara, a ba ni shekara ɗaya da yaron nan mu gani." Ya ɗan yi shiru, ya ce, "Kin san aikinki za ki ajiye?" Na ce na sani.

Manhajar da na fara saya ba wannan ba ce. Wata ce da ta zo cikin kwali, littattafai masu sheƙi, kowane darasi sakin layi biyu sai tambayoyin cike gurbi. An gina ta a kan aƙidar coci, an kuma jera tarihin duniya kamar titi ɗaya da ya miƙe bai tsaya ko'ina ba sai Amurka. Wata biyu muka daure da ita. Yaron da dama takarda ke ba shi tsoro, sai ga shi na ƙara masa wasu takardun. Wata uwa da muke haɗuwa a laburaren unguwarmu, wadda ta koyar da yaranta huɗu a gida, ita ta miƙo mini juzu'i na farko na The Story of the World, bangonsa duk ya lanƙwashe, ta ce in karanta masa babi ɗaya kawai in ga fuskarsa.

Susan Wise Bauer ce ta rubuta shi, 'yar jihar Virginia, wadda ita ma mahaifiyarta ce ta koyar da ita a gida. Juzu'i huɗu ne, kowanne na shekara guda. Na farko ya faro daga mutanen da ke yawo suna farauta kafin a fara noma, ya tsaya a faɗuwar daular Rum ta yamma a shekarar 476. Na biyu ya ɗauka daga nan zuwa wajen 1600. Na uku ya kai 1850, na huɗu ya zo har bayan rushewar Tarayyar Sobiyet. Tsarin marubuciyar shi ne yaro ya zagaye tarihin duniya a jere cikin shekara huɗu, in ya ƙara girma ya sake zagayowa da littattafai masu nauyi. Mun gama na farko, muna dab da ƙare na biyu. Kowannensu babi 42 ne, kowane babi kuma an raba shi gida biyu ko uku, abin da za a karanta wa yaro a minti goma.

Abin da ya sa na riƙe shi, labari yake bayarwa. Uwa ce ke karantawa, yaro yana saurare, don haka raunin karatun ɗana bai hana shi komai ba. Karon farko ke nan da ya ga akwai ilimin da yake kamawa da wuri. Akwai littafin ayyuka da ake saya dabam, kuma a ganina wanda ya sayi na karatu bai sayi wannan ba ya sayi rabin kaya. A cikinsa akwai tambayoyin bita na kowane sashe, da taswirar da yaro zai yi wa alama, da hotunan shafa launi, da jerin littattafan da za a aro a laburare, da ayyukan hannu. Amma abin da ya fi komai amfani a wurinmu shi ne maimaita labari: bayan na karanta, sai yaron ya faɗa mini abin da ya ji a jimla biyu ko uku da bakinsa, ni kuma in rubuta masa, ya karanta abin da ya faɗa. Maganarsa ce, don haka ba ya jin tsoronta. Ta nan karatunsa ya fara warwarewa, tun kafin littafin koyon karatun da na saya masa ya yi wani tasiri.

Ina tuna ranar da muka yi Hammurabi, sarkin Babila da ya yi mulki wajen shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wanda ya sa aka sassaƙa dokokinsa a jikin dogon baƙin dutse da yanzu yake gidan tarihi na Louvre a Faransa. Na karanta cewa wanda ya cire idon wani, a cire nasa. Yaron yana kwance a ƙasa yana shafa wa taswira launi, shuɗi a kan Dijla da Furat, sai ya ɗago kai ya ce, "Umma, ai wannan ƙisasi ne, Malam ya faɗa mana." Na ajiye littafin. Muka ɗauko Alƙur'ani muka buɗe Ma'ida aya ta 45, muka ga inda aka ce ido da ido, muka kuma ga abin da ya biyo baya game da wanda ya yafe. Na nuna masa cewa a dokar Hammurabi hukunci yana canzawa gwargwadon matsayin mutum, bawa dabam, ɗa dabam, mai sarauta dabam. Ya ce wannan ba adalci ba ne. Darasin minti ashirin ya ci mana awa guda, kuma ba wanda ya buga ƙararrawa ya ce a tashi. In aka tambaye ni ribar karatun gida, wannan awar nake tunawa.

Aikin hannun da littafin ya yi suna da shi shi ne busar da kaza kamar yadda Misirawan dā suke busar da gawar Fir'auna. Na yi shakka, amma mun yi. Ana wanke kaza, a tsane ta, a cusa mata haɗin gishiri da hodar gasa burodi ciki da waje, a sa a leda mai zif biyu, a riƙa canza haɗin in ya jiƙe. Makon farko sai da muka canza kusan kullum, ruwa yana ta fita, mahaifinsa yana tambaya yaushe za a raba shi da wannan abu a ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Zuwa mako na shida ta ƙanƙance, ta yi tauri, ta yi duhu, ba wari. Yaron ya shafa mata mai da kirfa, ya naɗe ta da tsummoki, ya yi mata akwati da kwalin takalmi. A cikin karatun ne na gane cewa gishirin da Misirawa ke binne gawa a ciki kwana 40 dangin kanwa ne. Na ɗauko ƙullin kanwar da ke ɗakin girkina na sa masa a tafin hannu, ya juya ta, ya shinshina, ya kasa yarda. Mako biyu bayan haka muka hau jirgin ƙasa zuwa gidan tarihi na Metropolitan, inda mazauna jihar ke biyan abin da suka ga dama a ƙofa. Ya tsaya gaban gawar gaske a naɗe, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya fara yi wa yayarsa bayanin tulunan da ake zuba kayan ciki. Gani ya kori ji.

Akwai sautin littafin da Jim Weiss ya karanta. Muryarsa tana riƙe yaro, kuma ranar da na tashi da ciwon kai ko aiki ya sha kaina, shi ke riƙe mini darasi. Littafin jarrabawa ma akwai, na saya a shekarar farko ban sake ba, domin maimaita labarin nan ya ishe ni sanin abin da ya shiga da abin da bai shiga ba. Duka kayan tarihin shekara guda ba su kai ni dala 100 ba, tunda sauran littattafan aro ne daga laburare. Da kati ɗaya nake yin oda ta intanet, a kawo mini reshen unguwarmu.

Yanzu ga wurin da nake so iyaye Musulmi su buɗe ido. Marubuciyar Kirista ce, ko da yake littafin ba na wa'azi ba ne, shi ya sa masu addini da marasa addini suke amfani da shi. Labarin Annabi Ibrahim, da Annabi Yusuf, da fitar Annabi Musa da Bani Isra'ila daga Masar, da Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare su, duk suna cikin juzu'i na farko, kuma yadda suke a Baibul aka kawo su. Da irin muryar labarin da ake ba da tatsuniyoyin allolin Girkawa ake ba da su, ƙaramin yaro kuwa ba ya rarrabewa da kansa. Don haka ba na barin sauti ya karanta masa waɗannan babi. Ina karantawa ni kaɗai da dare, da safe in ce masa, ga abin da Yahudawa da Kiristoci suka ruwaito, ga kuma abin da Alƙur'ani ya faɗa mana. A babin farkon Kiristanci mun karanta Nisa'i aya ta 157 tare. Ban tsallake ko ɗaya ba, domin yaron da zai tashi a Amurka dole ya san abin da maƙwabcinsa ya yi imani da shi, kuma na fi son ya fara ji daga bakina. A juzu'i na biyu akwai babi a kan bayyanar Musulunci da yaɗuwar daularsa, da Bagadaza, da shiga Andalus, da yaƙe-yaƙen 'yan Salibiyya. Rayuwar Manzon Allah (SAW) daga littattafan sira na koyar da ita, na ɗauki taswirar kawai daga littafin ayyuka. A bangon barandarmu mun manna doguwar takarda ta jerin shekaru, shi da hannunsa ya rubuta 622, shekarar Hijira, ya zana raƙumi a ƙasa.

Sai batun Afirka. A juzu'i na farko, ban da Masar, akwai babi guda a kan Afirka ta dā, kuma mafi yawansa tatsuniyoyin Anansi ne. Ina fara karantawa yaron ya yi tsalle ya ce ai Gizo ne, muka shafe yammacin ina ba shi na Gizo da Ƙoƙi da na ji a wurin kakata. A juzu'i na biyu, Ghana ta dā da Mali da Songhai suna cikin babi ɗaya. Littafin da zai zagaye duniya a babi 42 dole ya taƙaita, na fahimci wannan. Ni dai babin nan mako biyar na mayar da shi. Mun bi hajjin Mansa Musa na 1324 a taswira, daga Mali ya ratsa Sahara zuwa Alƙahira, inda ya raba zinariya har darajarta ta faɗi. Mun yi Timbuktu da malamanta, da hawan Askiya Muhammadu a 1493, da yadda sojojin Maroko suka karya Songhai da bindiga a Tondibi a 1591. Daga nan na ƙara abin da ba ya cikin littafin: Kanem da Borno da Mai Idris Aloma, Kano a zamanin Muhammadu Rumfa daga 1463 zuwa 1499 da zuwan Shehu Maghili, da Amina ta Zazzau. Da labarin Bayajida da rijiyar Kusugu na koya masa bambancin abin da aka gada a baki da abin da aka samu a rubuce, da cewa kowanne yana da darajarsa amma ba a auna su da mudu ɗaya. Wannan aiki ba wata manhaja da za ta yi mini shi, makarantar gwamnati ma ba za ta yi ba. Ko yaro yana gida ko yana makaranta, a wuyan iyaye yake.

Wani abu da ban sani ba sai da na zo cike takarda: dokar jihar New York ta sa tarihin Amurka cikin darussan dole daga aji 1 zuwa 6, tarihin jihar kuma aƙalla sau ɗaya kafin a gama aji 8. Juzu'i biyun farko kusan ba su taɓa Amurka ba sai a ƙarshen na biyu. Don haka na ware rana ɗaya a mako don wannan, da littattafan laburare da ƙafa. Mun je maƙabartar bayin Afirka da ke ƙasan Manhattan, wadda aka gano a 1991 ana tonon harsashin wani ginin gwamnati, aka fito da ƙasusuwan mutum 419, aka sake binne su a 2003. A nan ya ji cewa birnin nan na Holan ne kafin Ingila ta karɓe shi a 1664, kuma bauta ba ta ƙare a jihar ba sai 1827. Ya tambaye ni ko akwai Musulmi a cikinsu. Muka yi musu addu'a, muka dawo gida muka karanta labarin Umar ibn Sa'id, malamin Futa Toro da aka sayar a Carolina, wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831.

Tunda na taɓo takarda, bari in faɗi nauyinta. Kowace jiha da dokarta. A Texas ba a bukatar kai rahoto ga kowa. A New York kuwa sai an aika wasiƙar niyya kafin 1 ga Yuli, a biyo da tsarin karatun shekara darasi bayan darasi, a kai rahoto sau huɗu, a cika awa 900 a shekara ga 'yan aji 1 zuwa 6, a ƙarshe a kawo sakamakon auna yaro. Zuwa aji 3 rubutaccen bayani ya wadatar, daga aji 4 zuwa 8 kuwa dole ya zauna jarrabawar da hukuma ta amince da ita aƙalla shekara ɗaya cikin biyu. Ba abu ne da ya gagara ba, amma yana son mai ajiye lissafi. A nan ma littafin ya taimaka, domin sunayen babi kawai nake kwafa in ce ga inda muka kai.

To, makarantar gwamnati fa? Ba zan zage ta ba, domin kullum da safe ina raka 'yata bakin titi ta tafi can, kuma tana dawowa da abin da ba zan iya ba ta ba. Tana da malamin kimiyya da ɗakin gwaji. Tana da ƙawaye daga ƙasashen da ni sai a taswira na san su. Ta koyi tsayawa gaban mutum talatin ta yi magana, ta koyi zama da malamin da bai kwanta mata ba. Abincin rana kyauta ne, kuma tun 2015 birnin ya sa ranakun Sallah ƙarama da babba cikin hutun makarantu. Ƙaninta kuwa, in ban tashi na kai shi ƙwallo ko haɗuwar iyaye masu karatun gida ba, zai wuni bai ga sa'ansa ba sai a Islamiyya. A watan Fabrairu, lokacin da sanyi ya kulle mu a ɗaki, akwai ranakun da yake tsayawa a taga yana kallon motar makaranta, ni kuma zuciyata ta yi nauyi. A jihar nan ɗan karatun gida ba ya shiga ƙungiyar wasannin makarantar gwamnati, kuma in ya kai ƙarshen sakandare a gida ba a ba shi shaidar kammalawa irin ta makaranta, sai wasiƙa daga shugaban ilimin gunduma ko wata jarrabawar dabam. Kuɗin littafi kaɗan ne. Abin da muka biya da gaske albashina ne, da na koma aikin ƙarshen mako kawai, da kuma hutun da ba na samu.

Ga abin da ya fi tsaya mini a rai. A tsarin jihar, 'yan aji 4 tarihin New York suke yi, 'yan aji 5 nahiyoyin Amurka, sai a aji 6 ake zuwa Masar da Babila da Girka da Sin. A bana, lokacin da ajin 'yata ya zo kan Hammurabi, ta riga ta san shi, domin shekara guda tana jin Jim Weiss a mota da kuma lokacin da nake karanta wa ƙaninta bayan Magariba. Kazar nan ma da ita aka naɗe ta. Malaminta har ya tambaye ta inda ta samo labarin kanwa. Wato kusan duk abin da littafin nan ya ba ɗana, ya ba 'yata, alhali ba ta bar makaranta ko kwana ɗaya ba. Minti goma sha biyar sau uku a mako ya isa. Don haka in tarihi ne kaɗai damuwar uwa, in ta ga ana ba ɗanta guntu-guntu ko ba a ambaton inda ya fito, ba sai ta ajiye aikinta ba. Ta sayi juzu'i na farko da littafin ayyukansa, ta karanta da dare, ta ƙara nata a kai. Cire yaro daga makaranta yana son dalilin da ke jikin yaron kansa, irin littafin da na tarar ƙarƙashin katifa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, ni a gida ɗaya na ga yaro ɗaya yana bukata, ɗaya ba ta bukata.

Wanda zai fara, ya fara daga juzu'i na farko ko da yaron ya kai shekara tara, don jerin shi ne amfanin abin. Kada a yi gaggawar kai ƙaramin yaro juzu'i na huɗu, marubuciyar da kanta ta ce na 'yan aji 4 zuwa sama ne, saboda yaƙe-yaƙe da kisan ƙare dangi na ƙarni na 20. Kuma kada a ce sai an yi kowane aikin hannu, ɗaya a wata ya wadatar.

Ɗana yanzu yana karanta babin da kansa, a hankali, yatsa a kan layi. Shekara ɗayan da na roƙa ta zama biyu, za ta kuma zama uku, don na riga na rubuta wasiƙar niyya ta aji 4, juzu'i na uku yana hanya. A nan ne za mu iso 1804, kuma na fara tara abin da zan ƙara a kan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da 'yarsa Nana Asma'u. Ni da mahaifinsa mun tsayar cewa in Allah ya kai mu aji 6 zai koma makarantar gwamnati. Da na faɗa masa, abin da ya tambaya shi ne ko za a bar takardar shekarun nan a bango, na ce tana nan, saura bango guda ma ba mu cika ba.